Yadda Abuja ta koma Suleja, Suleja kuma ta zama makwancin Abuja

Tambaya: Baba, na samu aiki a Abuja, amma tsadar haya ta kora ni Suleja. Da na gaya wa kakana sai ya yi dariya, ya ce ai shi a Abuja aka haife shi tun 1948, a wannan garin da na kama ɗaki. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Don Allah mene ne tarihin garin nan, kuma me ya sa ya cika ya batse haka, ba tsari ba hanya, alhali ga Abuja nan kusa tsaf da ita?

Amsa: Ɗana, ka koma ka ba kakanka haƙuri, don ba gigin tsufa ba ne. Garin da ka kama ɗaki a cikinsa shi ne Abuja ta asali. Ya amsa wannan suna kusan shekara 150 kafin a haƙa harsashin gini ko ɗaya a Maitama ko Asokoro, kuma duk wanda aka haifa a nan kafin 1976, in yana da takardar makaranta ko ta asibiti, Abuja za ka gani a rubuce. Na yi shekaru ina aikin tsara birane, ƙafata ta taka yankin nan tun Madalla tana ƙauye, saboda haka bari in ja ka baya kaɗan. Cunkoson da kake gani ba zai fahimtu ba sai ka san abin da ya kawo garin wannan wuri tun farko.

Gidan sarautar Suleja Zazzagawa ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya zo da tuta ya ci Zariya. Ruwayar mutanen garin ta ce Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai samu komawa cikin birni ba. Sai ya yi kudu da waɗanda suka bi shi, suna yada zango suna tashi, har suka iso Zuba a ƙasar Koro. I, Zubar nan da kake sauka ka canja mota. Daga nan ya riƙa yaƙe-yaƙensa har ya rasu a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi. A 1828 ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku, ya kewaye shi da ganuwa, garin kuma ya ci sunan mai shi.

Ka lura da irin wurin da ya zaɓa. Wanda aka koro, yana sa ran mahaya za su biyo sawunsa, ba ya neman shimfiɗaɗɗen fili irin na Kano ko Katsina. Duwatsu yake nema da kwazazzabai da rafuka da kurmi, inda doki zai sha wuya. Dabarar ta yi aiki, domin Abuja ba ta taɓa faɗawa hannun masu jihadi ba, shi ya sa har gobe Sarkin Zazzau ake kiran sarkin garin, kamar takwaransa na Zariya. Sai dai wurin da ya dace da ɓuya bai dace da faɗaɗa ba. Kwazazzaban da suka tare dawaki su ne aka cika da gidaje yau, su ne kuma ruwa yake bi in damina ta yi nauyi.

A zamanin Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, aka sassauta aka bar fatake suna shiga. Turawa suka shigo a 1902. Daga nan har bayan samun mulkin kai, Abuja ƙaramin garin En'e ne mai sarki da alƙali da kasuwa da makaranta, kewaye da ƙauyukan Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara masu noman doya da dawa. Wannan ce Abujar kakanka. Sarkinta Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, ɗan Kwalejin Katsina ne, ya yi koyarwa kafin sarauta. A zamaninsa wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da sana'ar a garin a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga, matar nan da hotonta yake bayan naira ashirin. Tukwanen da suka fita daga cibiyar zuwa Landan, hatimin da ke gindinsu sunan Abuja ne da harafin Larabci. Ka ga ke nan a gindin tukunya mutanen waje suka fara karanta sunan.

A watan Agustan 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Murtala ya sanar da cewa za a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, aka kuma yi dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara. An yanki ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kusan kashi huɗu cikin biyar daga ɓangaren Neja ya fito, galibinsa ƙasar masarautar Abuja ce, har da Kwali da Kuje da Bwari. Aka ja layi, aka ɗauki ƙasar, aka ɗauki sunan, aka bar garin kansa a waje, cikin jihar Neja. A fahimtata dalilin a fili yake. Ana son birnin da ba wanda zai ce na kakansa ne, gari mai sarki da ganuwa kuwa ba zai shiga wannan lissafi ba. Sai tsohon garin ya bi al'adarsa ta cin sunan sarki: Sule daga Sulaimanu, aka haɗa da "ja" ɗin Abu Ja, ya zama Suleja.

Wannan layi da aka ja shi ne amsar rabin tambayarka ta biyu. Dubi Dutsen Zuma da ke jikin naira ɗari. Kowa yana ɗaukarsa alamar Abuja, alhali a jihar Neja yake, kusa da Madalla.

Tun farko niyyar gwamnati ita ce a kwashe duk mazauna yankin a fitar da su. Da aka ƙirga mutane aka lissafa diyya, sai aka ga abin ya fi ƙarfin aljihu, a 1978 gwamnatin Obasanjo ta janye, ta ce waɗanda gini zai hau kansu kawai za a tayar. Cikin waɗanda suka zaɓi fita, an tsugunar da wasu a gefen Suleja. Daga nan aka samu Sabon Wuse da Sabon Bwari. In ka bi hanyar Kaduna ka wuce Sabon Wuse, ka tuna tsohon Wusensu shi ne inda kasuwar Wuse da bankuna suke yanzu.

Cikar farko ta zo ne tun kafin a yi birnin. Hukumar raya babban birnin, FCDA, ba ta da inda za ta ajiye ma'aikatanta a daji, sai ta kafa sansani a Suleja, shi ya sa har yanzu akwai unguwar da ake kira Field Base. 'Yan kwangila da masu safiyo da direbobi da birkiloli da kafintoci da leburori, da masu sayar musu da abinci, duk a nan suke kwana, da safe a kwashe su a manyan motoci zuwa wurin aiki. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, da iyakar kusan miliyan uku in an gama komai. Na sha karanta ta, aiki ne mai kyau a takarda. Amma ta ɗauka gwamnati za ta gina wa kowa matsuguni a cikin unguwannin da aka zana, a kan lokaci, har da masinja da mai gadi. Hakan bai faru ba. Nyanya ma da aka gina a matsayin barikin leburori na ɗan lokaci, ga ta nan ta zama gari.

Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka biyo shi daga Legas a gaggauce. Kubwa, wadda aka tanada don tsugunar da 'yan asalin ƙauyukan da birnin ya cinye, sai aka cika ta da ma'aikatan gwamnati. Kuma ka san duk ma'aikaci ɗaya da aka kawo, akwai mutane da yawa a bayansa waɗanda ba su cikin lissafin kowa: tela, makaniki, mai wanki da guga, mai shayi, malamin makarantar kuɗi, ƙanen matarsa da ya zo neman aiki. Su ne suka cika ƙauyukan cikin birnin irin su Karmo da Idu da Chika, wasu kuma suka wuce Suleja da Madalla.

Sai rusau. Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, an rushe unguwanni da yawa da aka ce sun saɓa wa taswira, ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni sun ƙiyasta waɗanda abin ya shafa da dubban ɗaruruwa. A wannan tsakani ne aka sayar da gidajen gwamnati, aka koma ba ma'aikaci kuɗin haya a cikin albashi ya nema wa kansa. A watan Oktoban 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Mutum ba ya ɓacewa don an rushe ɗakinsa. Ya tsince kwanon rufinsa da ƙofarsa, ya ɗora a akori-kura, ya nufi inda buldozar Abuja ba ta da iko. Ta gabas Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ta wannan ɓangare kuma Madalla da Suleja da Gauraka. Ban ce ba a buƙatar gyara birnin ba, an bar abubuwa sun lalace ƙwarai kafin lokacin. Amma tsaftar da kake yabawa a Abuja da cunkoson da kake kuka da shi a Suleja, aiki ɗaya ne ya haife su.

Yanzu bari in zauna a kan maganar fili, don a nan gizo yake saƙa. A cikin yankin babban birni, duk ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, minista ne kaɗai yake ba da fili. Dagaci ko mai gona in ya sayar maka, takardar da ya ba ka ba ta tsayawa a gaban hukuma, ko da ka yi shekara ashirin a gidan. Samun takardar minista kuwa sai mai dogon hannu ko mai kuɗin saye daga hannun wanda aka ba. Ka tsallaka daga Zuba zuwa Madalla, tafiyar 'yan mintoci, ka shiga wata duniya. Nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gargajiya a wuraren da ba a ayyana a matsayin birni ba. A aikace abin da ake yi ya fi haka sauƙi. Magada su yanke shawarar sayar da gonar gado, dillali ya kawo mai saye, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, a yi addu'a a watse. Mai saye ba arha kaɗai ya saya ba. Ya sayi kwanciyar hankali, ya san da wuya ya wayi gari ya ga an shafa wa bangonsa jan fenti.

Irin wannan yanka shi ake kira awon igiya. A ɗauko igiya ko tef, a yanka gona fuloti-fuloti, ƙafa hamsin da ɗari ko rabin haka. Mai gona kuɗi yake nema, kowane taku da ya bari don hanya asara ce a wurinsa, saboda haka sai ya bar lungun da mota ɗaya za ta bi da ƙyar. Maƙwabcinsa in ya tashi yanka tasa gonar, ba ruwansa da inda wancan lungun ya nufa, sai ka ga hanya ta zo ta ci karo da bango. Ba wanda ya ware filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko wurin zuba shara, don ba wanda za a biya kuɗinsu. Hanyar ruwa ma fuloti ce, ita ce ma ta fi arha, wanda ya zo da rani bai san rafi ba ne. Gona ɗari in aka yanka ta haka, an yi unguwa mai mutum dubbai, kuma ba mutum ɗaya da za ka kama ka ce shi ya ɓata ta. Kowa abin da ya fi masa ya yi.

Na taɓa shiga aikin zana wata sabuwar unguwa a irin waɗannan garuruwa. Muka auna, muka fitar da titi mai faɗi da magudanan ruwa da filin firamare da na kasuwa. Takarda ta tafi neman sa hannu ta yi fiye da shekara biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ranar da muka koma kafa duwatsun iyaka, a tsakiyar babban titinmu muka tarar da gida an kai linta, mai shi yana zaune a kan bulo yana shan fura. Ya ɗauko takardar cinikinsa ya nuna mana, kwanan watan da ke jiki ya riga amincewar taswirarmu. Me za ka ce masa? Tun daga ranar na daina ɗora wa talaka laifin rashin tsari. Mai neman inda zai sa iyalinsa ba zai jira fayil ba.

A Amurka in an ce garin gefen birni, akasin wannan ake nufi. Levittown da ke kusa da New York, kamfani ɗaya ne ya gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, da titi da ruwa da wuta, gwamnati kuma ta tsaya wa masu saye a kan bashin banki na shekaru masu yawa. Masu ɗan hali ne suka fita can don neman sarari. A wurinmu mai hali yana tsakiya, marar hali ake turawa baki, kuma gida ne yake riga titi zuwa. Mutum ya gina ɗaki ɗaya ya shiga, bayan shekara biyu ya ƙara ciki da falo ya sa ɗan haya, da kuɗin hayar ya ja katanga. Unguwa su yi karo-karo su sayi turakun wuta, wani lokaci har taransifoma. Mai ƙarfi ya haƙa burtsatse ya sayar wa 'yan ga-ruwa, su kuma su tura kura lungu-lungu. Duk wannan a jihar da take da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru.

To ina gwamnati? Nan ma layin nan ne. Wanda ya jawo taron yana Abuja, amma ikonsa da kasafinsa sun tsaya a Zuba. Akwai sashen kula da garuruwan kewaye a gwamnatin babban birni, sai dai na cikin iyaka yake dubawa, irin su Kubwa da Karshi da Gwagwalada. Wanda nauyin Suleja yake wuyansa kuma yana Minna, kimanin kilomita 100 daga nan, da ƙananan hukumomi 25 a gabansa, a jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya. Aikin mayar da hanyar Suleja zuwa Minna tagwaye ma ya haura shekara goma ana jan sa.

Ga kuma maganar haraji, wadda ta shafe ka kai tsaye. Doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne, ba inda yake aiki ba. Ke nan abin da ake yanka a albashinka, tunda a Suleja kake kwana, na jihar Neja ne. Amma ma'aikata da yawa adireshin Abuja suke rubutawa, wuraren aiki da yawa kuma ba sa wahalar da kansu da rarrabewa, sai su tura duka wuri ɗaya. Neja da Nasarawa sun daɗe suna kuka a kan haka. Je ka duba abin da ka cika a fom ɗinka. Kason da ƙaramar hukuma take samu daga asusun tarayya kuma, yawan jama'a yana cikin ma'auninsa, ƙidayar ƙarshe da aka yi kuwa ta 2006 ce, wadda ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum kimanin 216,000. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu wasunsu sun yi aure. Mutum ya yi aiki a can, ƙarfinsa da harajinsa su tsaya a can, ya dawo nan da dare da buƙatar ruwa da makarantar 'ya'ya da gadon asibiti da shararsa.

Hanya kuwa ita ce igiyar da ta ɗaure garuruwan biyu. Da aka faɗaɗa titin Zuba zuwa Kubwa zuwa cikin birni ya koma layi goma, a zamanin 'Yar'aduwa da Jonathan, mutane sun ɗauka an gama da cunkoso. Mu a sana'armu mun san ba haka abin yake ba. Titi in ya yi sauri, sai wurin da da ya yi nisa ya zama kusa, dillalai su ƙara gaba, Gauraka ta cika, a nufi Sabon Wuse da Maje da Dikko. Bayan 'yan shekaru motocin sababbin unguwannin su cike titin. Jirgin ƙasa ne yake iya kwashe irin wannan taro, amma na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ta Kubwa ya bi bai shigo Suleja ba, na cikin birni kuma bai tsallaka iyaka ba. Saboda haka har yanzu ƙananan motoci ne, mutum huɗu a baya biyu a gaba, a fita bayan sallar asuba a dawo bayan isha.

Lissafin zama a Suleja a kan arhar mai aka gina shi: abin da ka rage a haya ya fi abin da za ka kashe a mota. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin ya girgiza. Na san masu ƙaramin albashi da suka koma kwana a wurin aiki daga Litinin zuwa Juma'a, iyali su gan su a ƙarshen mako. Kai ma ka zauna da biro ka haɗa kuɗin motarka na shekara da hayarka, kafin ka ce ka samu arha.

Kada in manta da manyan motoci. Suleja tana kan mahaɗar hanyoyin Kaduna da Lakwaja da Minna, ga depon mai a Maje, saboda haka tankoki da tireloli ba sa yankewa, kuma kasuwa da gidaje sun matso har bakin kwalta. In kasuwar Madalla tana ci, babbar hanyar da ta haɗa Abuja da Arewa sai ta koma lungu. Abin da ya faru a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ta ci kusan mutum 100, Allah ya jiƙansu, irin haɗarin da wannan matsi yake jawowa ne.

Duk da haka ba na yarda in ji an ce Suleja makwanci ce kawai, ko da yake ni ma nakan faɗa. Bambancinta da Mararaba babba ne. Mararaba bakin titi ce da ta kumbura. Suleja tana da cibiya: fada, masallacin Juma'a, tsofaffin unguwanni irin su Magajiya da Wambai da Kurmin Sarki, da masu unguwannin da suka san gidan kowa. Sarkinta na yanzu, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, shi ne gwamnan farar hula na farko a jihar Neja, daga 1979 zuwa 1983. Tana da kasuwar da take ci da kanta, har mutanen Abuja suke zuwa kasuwar IBB sayayya don ta fi sauƙi. Bahaushe da Bagwari da Banufe da Ibo da Bayarabe da Tibi sun cakuɗu a layi ɗaya na shaguna. Garin ya ga tashin hankali a 2011, bam a ofishin hukumar zaɓe ranar 8 ga Afrilu, wani a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti, har aka sa ƙaramar hukumar cikin dokar ta-ɓaci a ƙarshen shekarar. Wasu sun tashi, amma ɗakunan da suka bari ba su daɗe a rufe ba. A 'yan shekarun nan ma an samu wasu baƙin da ba ruwansu da aikin Abuja, mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tayar a sassan jihar, suna neman inda za su kwana da ido biyu rufe.

Tunda ka riga ka shigo, na san ba za a daɗe ba wani dillali zai fara yi maka zancen fuloti a sauƙaƙe. Kada ka je duba fili da rani. Ka bari sai watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka tafi da ƙafa. Dubi bangon maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka tambayi tsofaffin wurin ina ruwa ya kai a ambaliyar 2017, wadda ta ci rayuka da gidaje a garin. Bi lungun har ƙarshensa ka ga ko yana fita titi ko a bangon wani ya mutu. Ka tabbata duk magada sun sa hannu, har mata, don rigimar gado ta fi cin gidaje a nan fiye da buldoza. Sannan ka kai takardar hukumar filaye ta jiha a duba ko wurin yana cikin abin da gwamnati ta riga ta karɓa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko kan bututun mai. In kakanka yana da ƙarfin tafiya, ɗauko shi ku je tare. Shi zai iya nuna maka inda ganuwa ta bi, da inda rafi yake kafin a gina a kansa.